Jigoro Kano: Malamin Makarantar da ya Rubuta wa Kokawa Doka

Duk lokacin da na ambaci sunan Jigoro Kano a gaban ɗalibai, sai an sami wanda ya ɗaga hannu ya tambaya ko wani Bakano ne da ya yi ƙaura zuwa gabas mai nisa. Ba Bakano ba ne. Mutumin ƙasar Japan ne, Kano kuwa sunan zuriyarsu ne, wanda a harshensu ma'anarsa ta yi kusa da karɓar abu da farin ciki. Babu abin da ya haɗa shi da maƙerin nan na Gaya da tarihin baka ya ce ya zo Dala neman tama. Kamannin sauti ne kurum, irin wanda mu masu nazarin harshe kan gargaɗi ɗalibai kada su gina tarihi a kansa. Dangantakar da nake son jawo hankalin mai karatu gare ta daban ce, wato ta kokawa.

A ƙauyukan Karaye da Rogo inda na tashi, da zarar dawa ta shiga rumbu sai ganga ta fara kira. Samari su ɗaura warki, su sha layu da guraye, maroƙa su cika fage da kirari. Dokar wasan a ka take, ba a takarda ba: wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa ya yi kaye, dattawa kuma su ke haɗa tsara da tsara da ido. Wata kaka idon ya yi kuskure. Aka haɗa wani yaro sa'anmu da wani ƙato daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, yaron ya karye a kafaɗa, aka ɗauke shi sai gidan mai ɗori. Gardamar da ta biyo baya ta sa aka yi shekara uku ba a sake kafa fage tsakanin ƙauyukan biyu ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko wane ne ke da alhakin tsara wa kokawa iyaka. Da na karanta tarihin wannan bawan Allah na Japan, sai na ga shi ma tambayar da ta cinye rayuwarsa ke nan.

An haifi Jigoro Kano a ƙarshen shekarar 1860 a garin Mikage, kusa da birnin Kobe, a gidan masu hali da suka yi suna wajen sana'ar giyar shinkafa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara, daga nan mahaifinsa ya koma da iyalin Tokyo. Yaro ne mai kaifin basira, amma ƙaramin jiki gare shi. Ko da ya girma tsawonsa bai wuce mita 1.57 ba. A makaranta manyan yara suka mai da shi abin zalunta. Wannan ne ya sa ya ƙudurta koyon jujutsu, tsohuwar kokawar mayaƙan Japan, wadda ya ji an ce tana ba mara ƙarfi damar kayar da ƙaƙƙarfa.

Sai dai ya zo a lokacin da kasuwar jujutsu ta watse. Juyin da aka yi a 1868 ya kawo ƙarshen mulkin mayaƙan samurai, a 1876 kuma gwamnati ta hana yawo da takobi. Ƙasar ta juya fuska ga ilimin Turawa, duk abin da ke da ƙamshin gargajiya sai aka riƙa yi masa kallon ƙauyanci. Malaman jujutsu suka rasa almajirai. Da yawansu, saboda sanin da suka yi wa gaɓoɓin ɗan Adam, suka koma sana'ar ɗori. Saboda haka da Kano ya shiga Jami'ar Tokyo a 1877, gidajen masu ɗori ya riƙa bi yana cigiya, har aka haɗa shi da wani malami mai suna Fukuda Hachinosuke. Mai karatu zai ga abin da ya sa wannan wuri ya tsaya mini a rai: a can ma, kamar a ƙauyenmu, hanyar fagen kokawa da ta gidan mai ɗori ba su da nisa.

Koyarwar Fukuda ta a jefa ka ne har jikinka ya gane da kansa, babu dogon bayani. Akwai wani babban almajiri a gidan, Fukushima Kanekichi, da ya gagari Kano ƙiri-ƙiri. Da dabarun gida suka ƙi ci, sai ya koma ga littafi, ya tsinci wata dabarar kokawar Turawa ta ɗaukar mutum a kafaɗa, ya gyara ta, ya kuwa kayar da shi. Hasali ma halinsa ke nan har ya koma ga Mahaliccinsa: abin da wasu ke karɓa a matsayin gado, shi sai ya kwance shi ya ga yadda aka ɗinka. Fukuda ya rasu a 1879, malaminsa na biyu Iso Masatomo ya bi shi a 1881, ya koma wurin Iikubo Tsunetoshi na wata makarantar da ta fi ƙwarewa a jifa. Mutuwar malamai biyu cikin shekara biyu ta nuna masa a fili cewa ilimin da ke ƙirjin tsofaffi kaɗai, tare da su ake binne shi.

A 1882, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya buɗe tasa makarantar a wani ɗaki na wurin ibadar Eishoji a Tokyo, da tabarma goma sha biyu da almajirai tara. Ya sa mata suna Kodokan, wato gidan koyar da tafarki. A nan ya yi wani aiki da ya shafi fannina. Kalmar jujutsu gaɓa biyu ce: ta farko na nufin laushi ko sassauci, ta biyu na nufin dabara. Kano ya bar ta farko, ya cire ta biyu ya sa wadda ke nufin hanya ko tafarki, aka sami judo. Canjin gaɓa ɗaya ya fitar da abin daga sahun sana'ar 'yan tauri zuwa sahun tarbiyya, har iyayen da za su ji kunyar tura ɗansu wurin mai karya ƙashi suka yarda su tura shi makaranta.

Daga nan ya shiga rarraba komai aji-aji, kamar malamin nahawu. A 1883 ya fara ba da matakan ƙwarewa da ake kira dan, tsarin da ya aro daga wani wasan dara na ƙasarsu mai suna go. Almajiransa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, su suka fara hawa matakin farko. Bayan 'yan shekaru aka fara bambanta gwanaye da baƙar ɗamara, masu koyo kuma da fara. Ɗamaru masu launi-launi da ake gani a yau ba aikinsa ba ne; a Turai suka yaɗu daga shekarun 1930. A 1895 Kodokan ta tattara dabarun jifa ta jera su rukuni biyar daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a 1920 aka sake tace su suka zama arba'in, takwas a kowane rukuni, kowace da sunanta. Kafin nan, a tsakiyar shekarun 1880, almajiransa sun riga sun nuna kansu a karawar da rundunar 'yan sandan Tokyo ta shirya da tsofaffin makarantun jujutsu, har rundunar ta ɗauki wasunsu su koyar da jami'anta.

Babban aikin, a ganina, shi ne na 1899, lokacin da aka naɗa shi shugaban kwamitin da ya rubuta dokokin gasa na farko da za su hau kan dukkan makarantu. Aka ƙayyade karawa minti goma sha biyar. Aka cire duka da naushi daga gasa baki ɗaya. Nasara tana samuwa ne idan mutum ya ci maki cikakke sau biyu, ko ta jefa abokin karawa gadon bayansa ya daki tabarma, ko ta danne shi na wani lokaci, ko ta sa shi ya miƙa wuya. Aka haramta murɗe yatsun hannu da na ƙafa da idon sawu. Da Kodokan ta karɓi dokokin a 1900, sai ta ƙara da hana murɗe wuyan hannu, ta kuma hana masu koyo murɗe kowace gaɓa. A 1916 aka hana murɗe wuya da harɗe ƙafa ta yadda za a lahanta gwiwa da matse haƙarƙari da cinyoyi. A hankali gwiwar hannu kaɗai ta rage. Masu ra'ayin riƙau sun yi ta ƙorafin an zare wa zaki haƙora. Amma hikimar Kano ita ce, dabarar da ba za a iya gwada ta da cikakken ƙarfi ba sai an raunata ɗan'uwa, ba za a taɓa ƙwarewa a kanta ba. Da ya cire masu haɗarin, sai almajiransa suka sami damar kokawa da gaske kullum, gobe kuma su dawo da ƙafafunsu.

Kada mai karatu ya ɗauka kokawa ce abincinsa. Malamin makaranta ne, ya shugabanci babbar kwalejin horar da malamai ta Tokyo sama da shekara ashirin, ya kuma buɗe makaranta don ɗaliban ƙasar Sin, inda shahararren marubucin nan Lu Xun ya yi karatu. Ta hannun malaman da ya yaye judo ta shiga makarantun sakandare. A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya, a 1912 ya jagoranci tawagar Japan ta farko, mai 'yan wasa biyu tak, zuwa Stockholm. A 1926 Kodokan ta buɗe sashen mata. Ya yi faɗi-tashi har aka ba Tokyo karɓar baƙuncin wasannin 1940. A kan wannan batu ya halarci taron kwamitin a Alƙahira a 1938, yana hanyar komawa gida a jirgin ruwa mai suna Hikawa Maru ciwon huhu ya kama shi, ya rasu ranar 4 ga Mayu, yana da shekara saba'in da bakwai. Bayan wata biyu Japan, wadda ta dulmuya cikin yaƙi da Sin, ta janye daga karɓar wasannin.

Abin mamaki, mutumin da ya rarraba komai bai raba 'yan wasa bisa nauyi ba. A gasar ja da fari da Kodokan ta fara tun 1884, ana jera mutane ne bisa matakin ƙwarewa, wanda ya yi kaye ya ci gaba da tsayawa har sai an kayar da shi. Ai da ma aƙidar wasan ita ce ƙarami zai iya da babba. Bai ma nuna ɗoki ba a kan a sa judo cikin wasannin Olamfik, domin yana tsoron neman lambar yabo ya haɗiye tarbiyyar. Bayan ransa gaskiya ta yi halinta. Gasar duniya ta farko a Tokyo a 1956 ba ta da ajin nauyi, amma a 1961 a Paris wani dogon ƙato ɗan ƙasar Holan, Anton Geesink, ya doke gwanayen Japan. A wasannin Tokyo na 1964 aka raba aji uku, na kilo 68 da na 80 da na sama da haka, aka bar aji na huɗu a buɗe ga kowa, Geesink ya sake danne Kaminaga Akio a gaban jama'arsa. Darasin a bayyane yake: dabara tana cin ƙarfi ne idan mai ƙarfin bai iya ba, idan kuwa gwani ya gamu da gwani, nauyi ke raba gardama. A yau maza na da aji bakwai daga kilo 60 zuwa sama da 100, mata bakwai daga 48 zuwa sama da 78. A nan ina ganin Kano ya yi kuskure, kuskuren mai son abinsa. Duk da haka gasar zakaran Japan ta shekara-shekara har yanzu ba ta duba nauyi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi tasu hanyar. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, a zamanin Seyni Kountché, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara, suka mai da kokawar kaka abin alfaharin ƙasa. Jihohi takwas kan kawo 'yan kokawa goma-goma, da alƙalai da ƙayyadadden fage, zakara ya ɗauki takobi, ba tare da ajin nauyi ba. Gasar ƙasashen Afirka ta Yamma kuwa, wadda Abuja ta karɓi baƙuncinta a 2025, bisa nauyi take raba 'yan wasa. Ke nan hanyoyin biyu duk suna nan a gabanmu, kowace da amfaninta.

Mu a nan, kokawa na cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, amma a ƙauyen da ta fito tana ja da baya, samari sun koma gidajen kallon ƙwallon Turai. Tun 2024 masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, faɗin da bai fi ƙarfin gasa ɗaya ta kaka ba. Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar miliyoyi. A tara tsofaffin 'yan kokawa da suka rage a gaban hakimai da dagatai, a rubuta sunan kowace dabara da Hausar da suke kiranta, daga taɗiya zuwa sauransu, kafin su tafi da su kamar yadda Fukuda ya kusa tafiya da nasa. A rubuta abin da ake ƙirgawa kaye da abin da aka haramta. Yara da matasa a auna su a sikeli a raba su aji-aji, manya kuma a bar musu fage ɗaya buɗaɗɗe don fitar da zakaran masarauta, da gangarsa da kirarinsa. Sikelin da ake auna buhun masara da shi a kasuwar Rogo ma ya isa a fara da shi bana.