Marigayi Dakta Vincke, Likitan Da Ya Gano Zazzaɓin Ɓeraye

Da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan Dakta Ignace Vincke a Gaya ko Ajingi, alhali kuwa da damina zazzaɓin cizon sauro ba ya ƙyale gidajen waɗannan wurare. Amma aikin wannan likita, mutumin ƙasar Beljiyam wanda aka haifa a 1906, yana cikin tushen allurar riga-kafin wannan cuta.

Vincke ya yi aiki a Kwango lokacin tana hannun Beljiyam, a birnin Elisabethville na lardin Katanga, wato Lubumbashi ta yau. A zamanin nan masu bincike suna cikin tsaka mai wuya, domin ƙwayar zazzaɓin mutum ba ta kama ɓera. Sai dai a yi gwaji da tsuntsaye ko birai, ga shi jikin tsuntsu ya yi nisa da na ɗan Adam, biri kuwa tsada gare shi.

Ana nan sai Vincke ya lura da wani irin sauro a kurmin bakin rafuffukan Katanga, ɗauke da ƙwayoyin zazzaɓi waɗanda ba na mutane ba. Ya dage da neman dabbar da sauron ke cizo, har a 1948 shi da abokin aikinsa Marcel Lips suka ba da sanarwar samun ƙwayar a jinin wani ɓeran daji mai hawan itatuwa. Suka raɗa mata suna Plasmodium berghei. Babban abin murna shi ne ta kama fararen ɓerayen da ake kiwo a ɗakunan bincike. A 1952 aka sa wa wata ƙwayar ta ɓeraye sunansa, Plasmodium vinckei.

Da ƙwayar da ya gano ne Dakta Ruth Nussenzweig ta Jami'ar New York ta yi gwajinta a 1967. Ta raunana ƙwayoyin da hasken ɗaukar hoton ƙashi, ta yi wa ɓeraye allurarsu, sai garkuwar jikinsu ta koyi gane cutar, ta kare su. Daga bisani aka gano sinadarin da ke lulluɓe da ƙwayar, wanda garkuwar ke kai wa hari, a kansa kuma aka gina allurar RTS,S da ta R21.

Vincke ya rasu a 1971. A watan Disamba 2024 Nijeriya ta fara yi wa yara allurar R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa.