Olaudah Equiano: bawan da ya auna Turawa da mudun ƙauyensu

A shekarar 1789 wani baƙar fata mazaunin Landan ya wallafa tarihin rayuwarsa. Turawa sun san shi da Gustavus Vassa, amma a bangon littafin ya fara da sunansa na gida, Olaudah Equiano.

Bisa labarinsa, an haife shi wajajen 1745 a ƙauyen Essaka na ƙasar Igbo, kudu maso gabashin Najeriya ta yau. Yana da kimanin shekara 11 aka sace shi tare da 'yar'uwarsa, aka tsallaka da shi teku zuwa Barbados, daga nan zuwa Virginia. Can wani hafsan sojan ruwan Ingila, Michael Pascal, ya saye shi ya sauya masa suna. Daga baya ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa, Robert King, a tsibirin Montserrat. Da ribar ƙananan saye da sayarwa ya tara fam 40 ya fanshi kansa a 1766.

A lokacin, masu cinikin bayi suna kafa hujja da cewa Afirka ba ta da tsari ko al'ada. Equiano ya buɗe littafinsa da amsa musu. Ya bayyana mutanensa a matsayin manoma masu son kiɗa, rawa da waƙa, waɗanda ba a ganin mabaraci a cikinsu. Dattawa ne ke yanke shari'a, mahaifinsa na cikinsu. Ana wanke hannu kafin cin abinci, ana yi wa yara maza kaciya, an kuma yarda da Mahalicci ɗaya. Bai ɓoye cewa akwai bayi a ƙasarsu ba, sai dai ya ce abincinsu da suturarsu ba su da nisa da na iyayen gidansu.

Da wannan mudu ya auna Turawa. A cikin jirgin bayi ya ga ana dukan fararen ma'aikata ba tausayi, har ya ɗauka cinye shi za a yi. A Virginia ya ga baiwa mai girki an ɗaure mata baki da takunkumin ƙarfe. Ya koyi karatu, ya karɓi Kiristanci, ya zauna cikin Turawa, amma ya riƙa tunatar da su cewa aikinsu ya saɓa wa addinin da suke iƙirari.

A 1783 shi ne ya kai wa Granville Sharp, mai yaƙi da bauta, labarin jirgin Zong, wanda aka jefa bayi fiye da 130 daga cikinsa a teku don neman kuɗin inshora. Littafinsa kuwa an buga shi sau tara yana raye, ya zaga Ingila, Scotland da Ireland yana sayarwa da kansa.

Masana na muhawara kan mahaifarsa, domin takardar baftismarsa ta 1759 ta ce a Carolina aka haife shi. Ko da a bakin wasu bayi ya ji labarin Essaka, bayaninsa na daga cikin na farko da ɗan Afirka ya rubuta da Ingilishi kan rayuwar Igbo.

Ya auri Baturiya Susannah Cullen a 1792, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ya rasu a Landan ranar 31 ga Maris 1797, shekara goma kafin majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi.