Tanimu: Sarkin Damagaram da ya ƙera igwa a arewacin Daura

Duk wanda ya bi tarihin Daura na ƙarni na 19 zai riƙa cin karo da sunan wani sarki da bai taɓa sarautar Daura ba, amma ƙarar bindigoginsa ta daɗe tana kaiwa har can.

Wannan sarki shi ne Tanimu ɗan Sulaiman, Sarkin Damagaram, wanda fadarsa take Zinder, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu.

Bai sami sarauta cikin sauƙi ba. A shekarar 1841 ya ture ɗan'uwansa Ibrahim daga kan gado, amma a lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Borno ne, kuma bayan shekara biyu Shehu Umar ya mayar da Ibrahim. Sai a farkon shekarun 1850 Tanimu ya sake hawa, ya kuma zauna fiye da shekara talatin.

Wanda aka taɓa fitarwa da ƙarfin yaƙi ba ya bukatar a gaya masa amfanin makami. Ya kewaye Birnin Zinder da doguwar ganuwa, sannan ya mayar da hankali kan bindiga.

Bindiga da abin ɗura ta

A wancan zamani doki da takobi da mashi da kwari da baka su ne ƙashin bayan yaƙi a ƙasar Hausa. Akwai bindigogi jefi-jefi, waɗanda fataken Larabawa ke kawowa daga Tarabulus ta hamada, sai dai galibinsu irin waɗanda ake ɗurawa ta baki ne.

Mai irin wannan bindiga sai ya zuba albarushi, ya sa harsashi, ya danna da sanda, kafin ya yi harbi ɗaya tak. Kafin ya gama ɗuri na biyu, barde a kan doki ya iso kansa. Mafarauta na ƙasar Hausa sun san halinta sarai, shi ya sa suke kiran jikanyarta harba-ka-ruga.

Babbar matsalar ma ba ta ɗurin ba ce. Bindigar da albarushinta sai an jira ayari ya keto Sahara, da ita da sanda ba su da maraba a ranar da ayarin ya makara.

A nan ne basirar Tanimu ta fito fili. Bai tsaya ga sayen makamai kawai ba, sai ya sa aka riƙa haɗa albarushi da harsasai a Zinder, da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Maƙera da masu zubin tagulla kuma suka shiga ƙera igwa.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya tara bindigogi kimanin 6,000 da igwa kimanin 40. Yawancin 'yan bindigar tasa bayin sarki ne, waɗanda ba su da wani ubangida sai shi, don haka makamin ya ƙara masa ƙarfi a kan hakimansa kamar yadda ya ƙara masa a kan maƙwabta. Ko da yake bai yanke alaƙa da Borno baki ɗaya ba, biyayyar da ake yi wa Kukawa ta zama ta fatar baki.

Kuɗin duk wannan ya fito ne daga fataucin fatu da gashin jimina, da kuma bayi. Wannan shi ne ɓangaren tarihinsa mai ɗaci: talakawan ƙauyukan da aka kai wa hari su ne suka biya kuɗin bindigogin da aka harbe su da su.

Daura uku

Tun bayan jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, ƙasar Daura ta rabu. Malam Isiyaku da zuriyarsa suna riƙe da birnin a ƙarƙashin Sakkwato, su kuwa sarakunan Haɓe da aka kora suka kafa gadonsu a Zango da Ɓaure, suna jiran ranar komawa gida.

Ƙananan masarautu ne a tsakanin manyan dauloli, kuma dole su raɓi wani. A zamanin Tanimu ikon Damagaram ya yi nauyi a kansu, har suka zama masu kai gaisuwa Zinder. Sun sami kariya daga Fulani, amma ba a mayar da su birnin Daura ba, kuma 'yancinsu ya ragu. Garuruwan arewacin Kano ma sun zauna cikin fargabar rundunar Damagaram.

Duniya ta yi gaba

Yayin da maƙeran Zinder ke hura zuga, masana'antun Amurka da Turai sun riga sun shiga wani zamani. Tun 1836 Samuel Colt ya yi rajistar ƙaramar bindigarsa mai tukunya mai juyawa, wadda Hausawa suka sani daga baya da sunan libarba.

A 1873, Tanimu yana kan gado, sojojin Amurka suka karɓi sabon samfurin kamfanin Colt mai cin harsashi shida. Mai riƙe da ita sai ya ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, sannan ya ja kunama, amma ba ya zuba albarushi, domin yana cikin kwanson harsashin. Manyan bindigogin sojojin Turai ma sun koma ɗuri ta baya da irin wannan harsashi, wanda maƙerin gargajiya ba shi da kayan ƙera shi.

Tanimu ya rasu a 1884, bai ga karon makaman biyu ba. Ɗansa Ahmadu Kuren Daga shi ya gani. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder, kuma a watan Yulin 1899 sojojin Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin. An kashe Ahmadu a cikin shekarar.

Da Ingila da Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, Zango ta faɗo ɓangaren Najeriya. Turawan Ingila suka ɗauko sarkinta, Malam Musa, suka naɗa shi Sarkin Daura, kuma zuriyarsa ce ke kan gadon har yau.