Kawsan: Ɗan Damargu da ya tsare Faransawa a Agadas

A ƙasar Damargu, inda gundumomin Tanut da Belbeji suke a yau, aka haifi Kawsan wajen shekarar 1880, cikin Abzinawan Ikazkazan. Damargu ce rumbun geron Abzin a lokacin, kuma ta nan ayarin Kano da Damagaram ke bi zuwa Agadas da Gat. Yaron da ya tashi a nan yakan san rijiyoyi, ya san yadda madugu ke tafiyar da mutanen da ba danginsa ba.

Da Faransawa suka mamaye yankin a farkon ƙarni na 20, Kawsan ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi gabas. Ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya yaƙi Faransawa a arewacin Chadi, ya sha kashi, sannan ya koma Fezzan ta Libiya. A waɗannan shekaru ya koyi abin da Abzinawan zamaninsa ba su saba da shi ba: harbi bisa umarni, tanadin harsashi, da haɗa Abzinawa da Larabawa da Tubawa a runduna guda. Makaman da aka ƙwace daga Italiyawa, har da igwa, sun shiga hannunsa.

A watan Disamba 1916 ya isa Agadas, inda Sarkin Abzin Tagama ya riga ya ɗaura alkawari da shi a ɓoye. Suka kewaye barikin Faransawa. Mutanensa kuma suka murƙushe sojojin da ke rakiyar ayarin gishiri daga Bilma.

To amma ƙarfin Kawsan na cikin saurin raƙumi ne da kai farmaki ba zato. Zaman kewaye bariki ya ɗaure masa ƙafa kusan wata uku, igwar ba ta fasa ganuwar ba, Faransawa kuwa suka samu sukunin tara runduna daga Damagaram. Ranar 3 ga Maris 1917 suka ɓalle kewayen.

Mutanen gari ne suka ɗanɗana kuɗarsu. An kashe malamai da dama a Agadas, ƙauyukan Abzin suka watse, jama'a suka kwarara kudu zuwa Damargu da ƙasar Kano. Kawsan ya ci gaba da sari-ka-noƙe a duwatsun Abzin har 1918, kafin ya janye zuwa Fezzan. A can aka kama shi, aka rataye shi a Murzuk a farkon 1919. Tagama ya rasu a kurkukun Faransawa a 1920.