Sarkin Musulmi Attahiru, Baƙon da Ya Kwanta a Ƙasarmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funakaye ya san sunan Burmi, wadda wasu ke kira Mbormi. Amma idan aka tambayi 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna ko Legas ko Abuja wane ne ke kwance a wannan kufai, da wuya a sami mai ba da amsa. Sukan zo gida hutun salla, su bi hanyar Bajoga a mota, ba tare da sanin cewa kusa da su ne aka yi yaƙin da ya rufe babin Daular Usmaniyya ba. Wannan ne ya sa a fitowar bana muka ga ya dace mu kawo taƙaitaccen tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya.

Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi ne Sarkin Musulmi na 12 idan aka fara ƙirga daga Shehu. An naɗa shi a watan Oktoba na 1902 bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Sarauta ta zo masa a mugun lokaci, domin a sa'an nan Turawan Ingila sun riga sun ci Bida da Kwantagora da Yola da Bauchi, sun kuma shiga Zariya. Bai cika wata huɗu a kan gado ba Kano ta faɗi, ranar 3 ga Fabrairu, 1903.

Da labari ya iso Sakkwato, sai shawara ta rabu uku. Wasu suka ce a yi yaƙi, wasu suka ce a nemi sulhu, wasu kuma suka ce a yi hijira tun kafin abokan gaba su iso. Ba a gama tsayar da magana ba rundunar Turawa ta bayyana. Ranar 15 ga Maris, 1903, aka gwabza a filin Giginya, a wajen ganuwar birni. Doki da mashi da takobi ba su iya tsayawa gaban igwa da bindiga mai ruwa ba, kafin rana ta yi tsaka jama'a ta watse. Waziri Buhari ya koma gari tare da waɗanda suka ga zama ya fi, don kada addini ya rasa masu riƙe shi, Gwamna Lugga kuwa ya naɗa Muhammadu Attahiru na biyu. Shi kuwa Attahiru na ɗaya ya ƙi miƙa wuya, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka.

A nan ne abin da Turawa ba su zata ba ya faru. Yayin da ya ratsa Zamfara da kudancin ƙasar Kano zuwa Misau, sai mutane suka riƙa barin gidajensu suna bin sa, ga kuwa damina ta kawo kai. Manoma da malamai da mata da yara, har da sarakuna irin su Etsu Nupe Abubakar da Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, duk suka shiga ayari. Ganin garuruwa na zama kango ya sa Turawa suka ƙudura cewa lalle a tare shi, ko da yake ya aika musu cewa hanya kawai yake nema ya wuce.

Burmi a lokacin gari ne mai ganuwa kusa da kogin Gongola, mazaunin mabiyan Malam Jibrilla Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902. A watan Mayu na 1903 mutanen garin suka kori rundunar farko da ta kawo musu hari. Da Sarkin Musulmi ya iso, suka buɗe masa ƙofa, alhali sun san abin da karɓarsa za ta jawo musu. Ranar 27 ga Yuli, 1903, Turawa suka komo da ƙarfi ƙarƙashin Manjo Marsh. Aka wuni ana fafatawa. Kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, Attahiru kuma ya yi shahada tare da mutane fiye da 600, aka ƙone garin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, zuriyarsu kuma na can har yau.

Mulkin Attahiru a Sakkwato bai wuce wata biyar ba, amma ga shi bayan shekaru fiye da 120 ana ambatonsa da alheri. Kabarinsa na Burmi, na Manjo Marsh ma na nan ba nisa. Mu da muka yi aikin koyarwa mun sha kai ɗalibai wurin, mun kuma lura cewa yaron da ya tsaya a gaban kabarin ba ya sake manta darasin, saɓanin wanda ya haddace shi don jarrabawa kawai.

Saboda haka muke kira ga wannan ƙungiya tamu da ta sa aikin Burmi cikin ayyukanta na bana. Abin da muke nema bai fi ƙarfinmu ba: babban allo na dutse a bakin titi, mai nuna hanya da cikakken bayani cikin Hausa da Fulatanci da Turanci da ajami, sannan a zauna da dattawa a rubuta sunayen kakanninmu da suka faɗi a wurin tun masu tuna su na raye. Sunan Sarkin Musulmi yana cikin littattafai, amma na talakawan da suka ba shi masauki yana bakin tsofaffi ne kawai, kuma kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da dukan shahidan Burmi, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.