Muhammad al-Katsinawi: Malamin Katsina da ya koyar da lissafin hatimi a Alƙahira

Darasin farko da ɗalibi ke cin karo da shi a ajin zane-zanen kwamfuta na jami'a shi ne cewa duk hoton da ke kan allo jadawali ne na lambobi. Allo mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma lambobi uku ne ke faɗin yawan ja da kore da shuɗin da ke cikinsa. Aikin mai rubuta manhaja shi ne tsara matakan da za su cike waɗannan gidaje ba tare da kuskure ba.

Kusan shekara 300 da suka wuce, wani malami ɗan ƙasar Katsina ya rubuta littafi a kan yadda ake cike gidajen jadawali da lambobi bisa ƙa'ida. Sunansa Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke kira al-Kashnawi ko al-Kishnawi. Ya rasu a birnin Alƙahira na Masar a shekarar 1154 bayan Hijira, daidai da 1741.

Katsinar da ya tashi a ciki

Al-Katsinawi ya taso a lokacin da Katsina ke cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa, inda ayarin fatake daga Agadas da Arewacin Afirka ke sauka da haja da littattafai. Birnin ya riga ya yi suna da manyan malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Duk wannan kafin jihadi ne, domin sai bayan rasuwarsa da shekara 13 aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754.

Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagarmi, wadda ke cikin Chadi a yau, da kuma Shehu Muhammad Bindu, wanda ya koya masa ilimin aufaƙ. Wannan ilimi shi ne na tsara abin da malaman zaure ke kira hatimi. Ya kuma yi karatun nahawu da manɗiƙi da ilimin taurari.

Mene ne lissafin hatimi?

Wanda ya taɓa ganin allon malami ya san hatimi mai gida tara. Ana jera lambobi daga 1 zuwa 9 kamar haka: 8, 1, 6 a layin sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ko ta ina aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Idan gidajen biyar sau biyar ne, jimillar kowane layi 65 ce, idan bakwai sau bakwai ne kuma 175.

Mai gida tara yaro ma zai iya dacewa da shi ta hanyar gwaji. Mai gida 49 kuwa sai da ƙa'ida, kuma a nan ne gwanintar al-Katsinawi ta fito. A littafinsa Bahjat al-Afaƙ na shekarar 1732, ya bayyana hanyoyin gina hatimin da yawan layukansa mara ne, wato uku, biyar, bakwai da sauransu, mataki bayan mataki, yadda ɗalibi zai bi ya kai ga amsa komai girman jadawalin. Ya kuma ja hankalin ɗalibi da kada ya karaya idan abin ya ƙi fita a karon farko.

Shi ilimin ya girme shi nesa ba kusa ba. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun zamanin da, 'yan ƙungiyar Ikhwan al-Safa sun rubuta a kansa a Basra a ƙarni na 10, sannan Ahmad al-Buni ya yaɗa shi a ƙarni na 13. Gudummawar Bakatsinen ita ce ƙwarewa da tsara bayani, har ta kai malaman Masar suna ɗaukar fannin daga wurinsa.

Daga Makka zuwa Alƙahira

Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji, tafiyar da a wancan zamani ake yi a ƙasa da kan raƙumi tsawon watanni, wani lokaci shekaru. Daga Hijaz ya wuce Alƙahira, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A can ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, babban malamin fiƙihu da ilimin taurari da ke da alaƙa da Azhar. Mai masaukin ya zama ɗalibinsa a fannin aufaƙ. A wannan gida al-Katsinawi ya rasu, kuma Shehu Hasan ya bar wa littattafansa.

Wannan zumunci shi ya tsare sunansa. Ɗan mai masaukin, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, ya zama fitaccen marubucin tarihin Masar da ya rubuta labarin mamayar Napoleon ta 1798. A cikin kundinsa Aja'ib al-Athar ya saka tarihin malamin Katsina tare da malamansa da littattafansa.

Ɓangaren da ake taƙaddama a kai

Al-Katsinawi mutumin zamaninsa ne, lokacin da lissafi da ilimin haruffa da na taurari suke tafiya tare. Babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, yana magana ne a kan sihiri da ɗalasimai da taurari, kuma ya dogara sosai da wani littafi da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. An buga shi a Alƙahira daga baya. Malamai da dama, da can da yanzu, suna sukar irin waɗannan fannoni ta fuskar aƙida. Ya kuma yi rubutu a nahawu da manɗiƙi.

Lissafin da ke cikin hatimi dai abu ne da kowa zai iya gwadawa da fensir. Wannan ɓangare ne masu tarihin kimiyya suka ɗauka. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan aikinsa a 1967, sai Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga duniya a littafinta Africa Counts na 1973, ta hanyar kwafin rubutun hannu da ke ajiye a makarantar SOAS ta Landan.

Abin da ya haɗa shi da ɗalibin yau

Gina hatimi mai layuka mara yana cikin atisayen da aka saba bai wa masu koyon rubuta manhaja. Hanyar da aka fi koyarwa, wadda Bafaranshe Simon de la Loubère ya kawo Turai daga ƙasar Siyam a ƙarshen ƙarni na 17, ita ce: a sa 1 a tsakiyar layin sama, a riƙa hawa gida ɗaya sama da ɗaya dama. Idan an fita daga jadawalin sai a ɓullo ta ɗaya gefen, idan kuma gidan a cike yake sai a sauka ƙasan lambar da aka rubuta ta ƙarshe.

Wannan dabara ta fita ta nan a ɓullo ta can ita ce ake amfani da ita wajen maimaita zanen bulo ko ciyawa a wasannin bidiyo. Haka kuma a 1973 Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya fito da ɗan ƙaramin jadawalin lambobi da ake maimaitawa a kan hoto, domin allo ko na'urar buga takarda mai launuka kaɗan ta nuna inuwa iri-iri. Jadawalinsa daban yake da hatimi, amma tambayar iri ɗaya ce: ina za a ajiye kowace lamba domin nauyi ya rarrabu daidai?

Wasu daga cikin matasan da ke barin Gesheme da Dogon Dutsi zuwa Jami'ar Dosso ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da takwarorinsu na Katsina da Kano, suna shiga ajin lissafi da tunanin cewa ilimin baƙo ne a ƙasarsu. Sunan al-Katsinawi bai cika fitowa a littattafan makaranta ba, kuma ana samun kwafin rubutunsa a ɗakunan ajiya irin na Landan da Alƙahira. Fassara ɓangaren lissafi na Bahjat al-Afaƙ zuwa Hausa aiki ne da ke buƙatar mai Larabci da mai lissafi su zauna tare, kuma jami'o'in Nijar da Najeriya suna da duka biyun.