Jak Kusto: Mutumin da ya buɗe ƙofar teku, ya kuma nemi a sa mata mai gadi

A wannan makon na kawo muku tarihin wani Bafaranshe da ya yi kusan duk rayuwarsa a teku. A rubuce sunansa Jacques Cousteau, amma ana furta shi Jak Kusto. Ni dai ban taɓa ganin teku ba, kuma na san yawancinmu haka ne. Amma ku daure ku karanta har ƙarshe, za ku ga inda labarin ya shafe mu.

An haifi Kusto ranar 11 ga Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Faransa. A 1930 ya shiga makarantar sojan ruwa. Babban burinsa shi ne ya zama matuƙin jirgin sama. Sai dai yana cikin koyo ya yi mummunan haɗarin mota, hannayensa biyu suka karye, burin ya rushe. Don hannayen su yi ƙarfi, sai ya riƙa yin iyo kullum a Bahar Rum, kusa da birnin Tulon. Wata rana a 1936 ya sa tabarau na shiga ruwa, ya ga kifaye da tsirrai ƙarara a ƙarƙashinsa. Daga ranar hankalinsa ya koma ƙarƙashin teku.

A wancan zamani, galibi mai nutso yana da zaɓi biyu. Ko dai ya riƙe numfashinsa na ɗan lokaci, ko ya sa hular ƙarfe mai nauyi, ana hura masa iska ta doguwar mesa daga jirgi. A 1943 Kusto da wani injiniya mai suna Emil Ganyan suka ƙera na'urar da ta sauya komai. Mutum zai goya tukunyar iska a bayansa, na'urar kuma tana ba shi iska daidai lokacin da ya ja numfashi. Ba mesa, ba igiya. Mutum ya samu damar yawo a cikin ruwa kamar kifi.

A 1950 ya samu wani tsohon jirgin ruwan yaƙi mai suna Calypso, ya mayar da shi jirgin bincike. A 1956 fim ɗinsa na ƙarƙashin teku ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na birnin Kan. A 1963 ya kafa wani ɗan ƙauye a ƙarƙashin Bahar Maliya, kusa da gaɓar Sudan, inda mutanensa suka zauna kwana 30 a zurfin mita 10.

To amma Kusto ma ya yi kuskure. A cikin wancan fim na 1956 an nuna mutanensa suna fasa nakiya a ruwa don su ƙirga kifayen da suka mutu. A lokacin mutane da yawa suna ganin teku ba ta ƙarewa. Da shekaru suka ja, sai ya riƙa komawa wuraren da ya sani, yana tarar da kifi ya ragu, ruwa ya gurɓace. Abin da ya burge ni shi ne bai yi taurin kai ba, ya sauya hali. A 1960 ya tsaya kai da fata a kan shirin zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, jama'a suka mara masa baya, aka fasa. A 1973 ya kafa ƙungiyar kare teku mai ɗauke da sunansa.

Akwai wata matsala kuma da ta biyo bayan na'urarsa. Da nutso ya yi sauƙi, sai 'yan yawon buɗe ido suka cika wuraren da ke da murjani. Murjani yana kama da dutse mai launi, amma ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi, kuma a cikinsa kifaye suke samun abinci da maɓoya. Wasu nau'o'insa ba sa wuce santimita 1 ko 2 na girma a shekara. Ke nan wanda bai iya nutso ba zai iya karya ginin shekaru masu yawa da shuri ɗaya.

Shi ya sa ƙasashe suka keɓe wasu sassan teku, kamar yadda aka keɓe dajin Falgore a nan Kano da Yankari a Bauchi. A irin waɗannan wurare akwai dokoki, kuma a wasunsu ba a barin baƙo ya nutsa sai da ɗan jagora mai lasisi. Haka ake yi a tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado. A tsibirin Sipadan na Maleshiya, wanda Kusto ya ziyarta ya kuma ɗauki fim, gwamnati ta sa aka kwashe masaukan baƙi daga tsibirin, sannan a 2006 ta ƙayyade masu nutso 120 kacal a rana, kowa da takardar izini.

Aikin ɗan jagora iri biyu ne. Yana kare teku daga mutum: yana hana taɓa murjani, da tsinko shi, da damun kunkurun teku. Yana kuma kare mutum daga teku, domin ya san inda igiyar ruwa take da ƙarfi, yana duba yawan iskar da ta rage, yana hana mutum tasowa sama da gaggawa. Saurin tasowa daga zurfi yana sa iska ta yi kumfa a cikin jini, abin da kan iya shanye jiki ko ya kashe mutum. Wasu ƙwararrun masu nutso suna ƙorafin cewa dokar tana takura musu, tana kuma ƙara kuɗi. A ganina rigakafi ya fi magani.

Kusto ya mutu a Faris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu da teku a Kano, amma muna da Kogin Challawa, wanda ake tace ruwansa a sha, manoma kuma suna ban-ruwa da shi. Duk wanda ya bi ta Sharada ko Challawa ko Bompai ya san launi da warin ruwan da ke fitowa daga majemun fata da sauran masana'antu. Na Sharada da Challawa yana gangarawa Kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi zuwa Jakara. Iyayenmu da yawa a waɗannan masana'antu suke neman abinci, don haka ba rufe su muke so a yi ba. Muna so a tace ruwan kafin a sake shi, kuma hukumomi irin su NESREA su riƙa sa ido sosai.

Mu ma ɗalibai muna da namu aikin. Mu daina jefa ledar ruwa da robobi a kwata, kuma kada mu shiga kududdufi ko kogi iyo ba tare da babban da ya san wurin ba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.